Ta Rasu Ta Bar 'Ya'ya Da Jikoki

 

Duk mai kunna rediyo da sassafe ya san sanarwar rasuwa, mu kuwa da muke bakin wannan aiki mun karanta ta har mun haddace zubinta. In namiji ne ya kwanta dama, takardar kan zo a cike: tsohon dagaci ne, ko tsohon hedimasta, ya riƙe kaza, ya shugabanci kaza, ko da sarkin pawa ne sai an faɗa. In kuwa mace ce, musamman tsohuwar ƙauye, layi biyu sun ishe ta. Allah Ya yi wa wance rasuwa bayan ta sha jinya, ta bar 'ya'ya da jikoki da dama, daga cikinsu akwai Alhaji wane, darakta a ma'aikata kaza. Daga nan sanarwa ta tashi daga kan mamaciya ta koma kan Alhaji. A wurin zaman makoki ma haka zancen yake. Wannan ya ce mace ce mai haƙuri, wancan ya ce halinta na gari ya bi ta, a shafa fatiha a watse. Addu'a ce mai kyau, ba ni da ja a kanta. Amma shekara sittin ko saba'in na daka da jan ruwa da goyo da jinya, a ce duk sun shige cikin haƙuri kawai? In kuna ganin na yi zafi, ku tari wani saurayi a unguwarku ku tambaye shi sunan yanka na kakarsa ta wajen uwa. Zai ce muku Iya, ko Inna, ko Hajiya Babba, daga nan sai sosa ƙeya.

Akwai wata mutuniyar ƙauye da ta tsallake wannan mantuwa, da ita nake so mu fara. Ana ce mata Baba mutuniyar Karo. A ƙarshen 1949 wani masani ɗan asalin Jamaika, M. G. Smith, yana ƙasar Zazzau yana binciken yadda jama'a ke noma da fatauci da sarauta. Shi namiji ne, kuma baƙo, iyakarsa zaure. Abin da ke bayan zaure sai matarsa, Mary Smith, wadda ta ji Hausa. A garin Giwa ta haɗu da wannan tsohuwa, jininsu ya haɗu, suka shiga zama tare, Baba na ba da labari, Mary na rubutawa da Hausa yadda maganar ta fito daga bakinta. Wajen mako shida suka yi a haka, tsakanin ƙarshen 1949 da farkon 1950. Littafin ya fito da Turanci a Landan a 1954. Baba ba ta gan shi ba, domin ta riga mu gidan gaskiya tun 1951. Asalin Hausar kuwa sai a 1991 aka buga shi, shi ma a Amurka. Yau ɗalibai a jami'o'in duniya suna karanta rayuwar wannan tsohuwa, mu da muke da ita, mutum nawa ne a cikinmu suka taɓa jin sunanta?

An haife ta wajen 1877 a ƙauyen Karo kusa da garin Zarewa, can inda ƙasar Kano ta yi iyaka da ta Zazzau. Kakanninta Barebari ne da suka taso daga Borno, mahaifinta manomi ne kuma malami. Ta tashi a zamanin da mahara ke faɗa wa ƙauye su kwashi mata da yara. Ta ba da labarin yadda aka sace wasu daga cikin danginta, aka bi sawu, aka tara wuri aka fanso su. Tana budurwa ta yi aure, tana matar aure Turawa suka ci Zariya a 1902, suka ci Kano a 1903. Ta ga bayi suna watsewa daga rinjin gidansu, don gidansu Baba masu bayi ne, wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Ga kuma wani abin lura a nan: bayi matan da suka yi noman gandun nan, suka yi surfen, suka goyi 'ya'yan iyayen gijinsu, su ko Mary Smith ba su samu ba. Abin da muka sani game da su ɗan abin da ya faɗo ne daga bakin 'yar gidan.

Littafin tarihin Kano ya jero mana sarakuna tun daga Bagauda, wa ya gaji wa, wa ya yaƙi wa. A cikin mata mun riƙe Daurama da Amina ta Zazzau, su ma don sun hau gadon sarauta ne. Baba ba ta kawo irin wannan tarihi ba. Nata tarihin na cikin gida ne: yadda ake karɓar haihuwa, yadda ake wankan jego, wa ke yaye yaro, me ya sa uwa ke kunyar ɗan fari har ba ta kama sunansa, yadda amarya ke zama da uwargida, yadda mace ke ƙulla ƙawance a riƙa kai wa juna gudummawar biki har tsufa. Sarauta ta canja hannu, Turawa sun zo sun tafi, amma abin da ya hana gari watsewa shi ne wannan da ta bayyana, kuma babu fadar da ta taɓa sa marubuci ya rubuta shi.

Baba ta yi aure huɗu. Na farkon na zumunci ne, iyaye suka haɗa, bai ɗore ba. Na faɗi wannan da gangan, saboda mun saba zana matar kirki a matsayin wadda ba ta da baki, a ce mata zauna ta zauna, a ce mata tashi ta tashi. Matan da ba haka suke ba. Suna da ra'ayi, suna yin yaji, suna zuwa gaban alƙali, suna da dangin da ke tsaya musu. Wadda ta zauna shekara arba'in a ɗakin miji ta san hanyar gidan ubanta sarai, zaman da ta yi zaɓi ne, kuma wannan shi ya sa ya zama abin a gode mata. An ce mahaƙurci mawadaci, gaskiya ne. Sai dai mu maza mun fi tuna wannan karin magana a ranar da mace za a gaya wa.

Abu na biyu, Allah bai ba Baba haihuwa ba. A ƙasar Hausa kowa ya san nauyin wannan a kan mace: gorin kishiya, jiƙe-jiƙen magani, kallon dangin miji. Duk da haka ta mutu tana uwa, domin ta riƙi 'ya'yan dangi ta raine su, ta ga girmansu. Riƙo tsohon tsari ne da ya rufa wa al'ummarmu asiri tun kafin a san gidan marayu. Uwa ta mutu wajen haihuwa, goggo ta ɗauki jariri. Aure ya mutu, kaka ta karɓi yara. An yaye yaro, a kai shi wurin tsohuwa ya manta nono, wani daga nan ya zama nata ke nan. Da yawa daga cikin manyan da ake karanto muƙamansu yau, in aka bincika, wadda ta yi musu tsarki ta wanke musu ƙazuwa ba ita ta haife su ba. Kuma ita ce ba ta da kaso a gadon kowa.

Mu bar Baba haka, mu leƙa gidan ƙauye mu ga wuni guda. Kafin ladan ya yi kiran farko matar gidan ta tashi. Ta tona rushin jiya ta hura wuta, ta ɗora ruwan alwalar maigida in lokacin hunturu ne, ta ɗumama tuwo, ta dama koko. Hatsin da aka auno mata daga rumbu zangarniya ne, ba gari ba. Sai ta sussuka, ta sheƙe, ta surfa, ta wanke, ta shanya, ta daka ko ta niƙa, ta tankaɗe, sannan a fara zancen tuƙa tuwo. Duk wannan da goyo a baya, wani lokaci da ciki a gaba. Ku dubi tafin hannun kowace tsohuwar ƙauye, kanta ce ta taɓarya, ba ta gogewa har kabari. Injin niƙa ya rage wannan wahala, Allah Ya saka wa wanda ya kawo shi, amma bai rage hayaƙin ɗanyen itace da ke cin ido da ƙirji ba, bai rage nisan rijiya ba. Ita da gidan kamar duwatsun murhu ne da tukunya: kowa ya ci tuwo ya yabi miya, babu mai tuna wanda ya sha wutar.

Kada kuma wani ya ce ai aikin gida ne kawai, ba ya shiga lissafin arziki. Lokacin da Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, ya shigo Kano a 1851, abin da ya fi ba shi mamaki shi ne cinikin tufafi, yadda saƙar Kano da rininta ke kaiwa har Tambutu da bakin tekun Bahar Rum. To, zaren da aka yi saƙar wa ya kaɗa shi? Mata ne a tsakar gida, da mazari da alli, bayan sun gama aikin wuni. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 aka shiga cinikin gyaɗa har aka yi dalar da muke alfahari da ita a hotuna, hannun mata da yara ne ya yi ɓarar gyaɗar nan. Wata masaniya 'yar Ingila, Polly Hill, da ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina ta fitar da littafinta a 1972, ta nuna cewa akwai kasuwa sukutum da ke ci a cikin gidaje, mata na saye da sayar da hatsi daga ɗaki zuwa ɗaki, yara ne 'yan aikensu. Ƙuli-ƙuli, man gyaɗa, daddawa, fura, ƙosai, kiwon akuya da kaji, adashi. Kuɗin nan ba gwal take saya da su ba. Su ne kwanukan jeren 'yarta, su ne kuɗin Laraba na makarantar allo, su ne kuɗin motar da ɗanta ya hau ya tafi sakandare. Ranar da rumbun maigida ya ƙare a tsakiyar damina, akuyarta ce ke tafiya kasuwa, a rufe maganar kada maƙwabta su ji.

Yanzu nauyin ƙaruwa ya yi. Da an gama girbi maza sun tafi ci-rani Legas da Abuja da Fatakwal, wasu sai shekara. Ita aka bari da yara da tsofaffi da dabbobi. Ga kuma masifar da ta dawo. Abin da Baba ta ba da labari na mahara da fansa, wanda aka ɗauka ya wuce tare da zamanin wuri, shi ne yau ake fama da shi a ƙauyukan Zamfara da Katsina da Sakkwato da Birnin Gwari, har ita kanta ƙasar Giwa inda Baba ta ƙare rayuwarta ta sha hare-haren 'yan bindiga a 'yan shekarun nan. In aka sace maigida, kayan ɗakinta ne farkon abin da ake sayarwa. In aka kashe shi, ita ce za ta kwashi marayu ta nufi wani kango a bakin gari ko ajin makarantar firamare, ta fara wankau da surfe a gidajen mutane.

Amma inda na fi so mu tsaya shi ne jinya, don a nan ne ake ganin abin da ido ba ya so ya kalla.

Akwai wata tsohuwa a ƙauyenmu, ba zan kama suna ba, mu dai Inna muke ce mata. Hawan jini ya kayar da mijinta, ɓarin jikinsa ya shanye, harshensa ya karye. Mutumin da ke jan sallah a masallacin unguwa ya koma sai an kwantar sai an tayar. Shekaru ya yi a haka. Inna kan tashi cikin dare ta juya shi daga wannan gefe zuwa wancan don kada bayansa ya yi gyambo. Kafin gari ya waye ta gyara shi, ta wanke shimfiɗa ta shanya a bayan ɗaki inda ido ba ya kaiwa, don kada jikoki su ga kakansu a halin da zai ji kunya. Ta yi masa alwala, ta jingina shi da bango ta fuskantar da shi gabas. Sannan ta zauna da ƙoƙon koko da ludayi, tana lallashi: "Malam, a daure a sha ko kaɗan ne, ga magani na jira." In ya yi magana babu mai ganewa sai ita, har ta zama tafintansa. Abokansa in sun zo dubiya su tsaya daga bakin ƙofa su ce, "Malam, ya jiki?" Ya motsa baki, ita ta amsa musu: "Ya ce da sauƙi, ya ce ku gaida gida."

'Ya'yanta maza ba su yi sakaci ba a nasu ganin. Suna birni, suna turo kuɗi, suna bugo waya: "Inna, an turo na magani, a duba." Ta ce, "Allah Ya yi albarka." Kuɗin sun yi amfani, ba na musu. Amma kuɗi ba sa juya mutum da tsakar dare. Da Allah Ya karɓi abinsa, ta yi takaba wata huɗu da kwana goma, kafin ta fita takaba nata ƙafafun sun fara kumbura, bayan ya riƙe. Wa ya yi jinyarta? Matar ƙaramin ɗanta, mai goyo, da wata jika 'yar aji biyar da aka ce ta ɗan dakata da makaranta har Inna ta samu sauƙi. Yarinyar ba ta koma aji ba. A nan ne hankalina ya fi tashi, don haka abin ke tafiya daga hannun mace zuwa hannun mace, kowacce ta biya da wani abu nata da ba ya dawowa.

Wanda bai ga irin wannan a gida ba, ya je kowane babban asibiti da daddare ya dubi baranda da gindin bishiyoyi. Zai ga mata kwance a kan tabarma da kwali, ga buta, ga kula, ga filas. Su ne masu jinya. Ma'aikatan jinya sun yi kaɗan, don haka wanka da ciyarwa da zubar da fo duk nasu ne. A miƙo mata takarda a ce ta sayo allura da ruwan ƙari da safar hannu, ita kuwa ba ta iya karanta abin da aka rubuta ba, sai ta bi mutane tana "Ɗan nan, don Allah duba mini." A ce ana bukatar jini, ta shiga neman wanda zai bayar a garin da ba ta san kowa ba. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar da rahoto a 2018 cewa fiye da kashi uku cikin huɗu na aikin kula da mutane da ake yi ba biya a duniya, mata ne ke yin sa. Wanda ya kwana a barandar asibitinmu zai ce ƙungiyar ma ta yi mana sassauci.

Ita mai kula da kowa, wa ke kula da ita? Binciken lafiya na ƙasa da aka gudanar a Nijeriya a 2018 ya kiyasta cewa a kowace haihuwa 100,000 mata 512 ne ke rasa rayukansu, kuma kashi 39 cikin 100 kacal na haihuwa ake yi a asibiti. A ƙauyukan Arewa haihuwa a asibiti ba ta kai haka ba ko kusa. Mace ta kwana biyu tana naƙuda, ana jiran maigida ya dawo ya ba da izini, ko ana neman motar da za ta shiga hanyar da ruwa ya cinye. Wadda ta tsira da rai wani lokaci ta tsira da yoyon fitsari. Ku je asibitin Babbar Ruga da ke Katsina, inda likitan nan ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya fara ɗinke irin waɗannan mata tun a shekarun 1980, ku tambayi nawa ne a cikinsu mazansu suka rako su. Wadda da mijin ne ya kwanta za ta shekara tana wanke masa shimfiɗa, ita wata guda bai iya jure warin ɗakinta ba.

Ba kuma ina cewa duk abin da tsofaffinmu suka yi daidai ne ba. Ƙauna daban, sani daban. Likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya sun nuna tun a shekarun 1970 cewa yawan kunun kanwa da kwanciya a gadon da aka hura wa wuta suna da hannu a ciwon zuciyar da ke kama masu jego. Yankan gishiri da wasu ungozomomi ke yi ya jefa mata da dama cikin yoyon fitsari. Tsohuwar da ta yi wannan ba mugunta ta yi ba, abin da ta gada ke nan, babu wanda ya koya mata wani. Laifin yana wuyan waɗanda suka bar ta cikin duhu alhali suna cin moriyar hannunta.

Wannan magana kuwa ba daga Turai ta zo ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a littafinsa Nurul Albab, ya yi kakkausar suka ga mazan da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci suna mora su kamar kayan aiki. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta ɗauki maganar ta mai da ita aiki. Ta kafa tsarin 'Yan Taru, ta naɗa shugabanni mata da ake kira jaji, tana ɗora musu malfa, su kuma su jagoranci tsofaffi da 'yan mata daga ƙauyuka su zo su ɗauki karatu su koma su koyar da matan auren da ba su iya fitowa. Abin da ya fi jan hankalina game da ita shi ne marsiyyoyinta. Ta yi wa manyan Daular Usmaniyya, gaskiya ne, amma ta kuma yi wa wata maƙwabciyarta Halima, ta yi wa wata mai suna Zaharatu da ke taimakon mata wajen naƙuda da wankan gawa. Malama guda, 'yar Shehu, matar Waziri Giɗaɗo, ta ga cewa rayuwar irin waɗannan mata ta isa a zauna a rubuta. Ashe kusan shekara ɗari kafin Mary Smith ta zauna da Baba, muna da wannan al'ada a gida. Sakinta muka yi.

Sai batun haƙƙi, wanda ya fi yabo nauyi. Alƙur'ani a Suratun Nisa'i ya yanka wa matar mamaci kasonta: tumuni in mijin ya bar ɗa, rubu'i in bai bari ba, 'ya mace kuma tana da rabin kason namiji. Babu malamin da ke jayayya a kan wannan. Amma ku shiga ƙauye ku ga yadda ake yi da gona. Sai a ce kada a yayyanka gonar gado, a bar ta a hannun maza, mata a riƙa ba su ɗan abin da ya samu. Shekara ta farko a aiko mata da dami biyu, ta biyu a aiko da ɗaya, ta uku a ce damina ba ta yi kyau ba. Ita kuma kunya ta hana ta kai ƙanin mijinta ko ɗan da ta goya gaban alƙali. Ta yi shiru, mu kuma mu sa wa shirun nan suna haƙuri mu yabe ta da shi ranar da ta mutu. In tsufa ya yi tsufa, hankali ya fara gushewa tana surutai, a wasu garuruwan ma har a fara nuna ta da baki ana cewa mayya ce. Wannan zalunci ne, kuma masu yin sa suna sahun gaba a masallaci.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 15 ga Oktoba a matsayin ranar matan karkara, an fara bikinta a 2008. Za a taru a babban ɗakin taro a birni, a yi jawabai, a raba ruwan roba. Wadda ake taron dominta tana can tana surfe, ba ta ma san an yi ba. Ban raina taron ba, amma abin da zai kai gare ta yana hannunmu ne, mu 'ya'yanta da mazanta.

Kai da mahaifinka ke kwance, ka ɗauki hutu ka je ka karɓi jinyar ko ta mako guda ce, mahaifiyarka ta yi barci. Wanke uba ba aikin mata ba ne, kai ka fi cancanta da shi. In jinya ta yi tsawo, ku haɗa kuɗi ku ɗauki mai taimako ku biya ta, kada a cire yarinya daga aji. Ku da kuke riƙe da gonar gado, ku kira malami a auna a ba kowace mace nata tun tana da ƙarfin cin amfaninsa.

Wanda kuma Allah Ya bar masa tsohuwa a gida, wayar da ke aljihunka tana ɗaukar murya. Ka je ka zauna a tabarmarta bayan la'asar, ka tambaye ta sunan garin da aka haife ta, wa ya yaye ta, me aka ci a shekarar farin 1973, 'ya'ya nawa ta binne, su wa ta riƙa waɗanda ba nata ba. Da farko za ta ce, "Kai, rabu da ni, ni me na sani?" Ka yi haƙuri ka sake tambaya, za ta buɗe baki. Ka ajiye muryar, ka tura wa 'yan'uwanka, ka sa yaranka su rubuta. Kada ka ce sai ka je hutun sallah, ka shirya tafiyar a wannan makon.